KARTA DA DARA: TSAKANIN SA'A DA ƘWAREWA



Mun san cewa waɗansu daga cikinku sun yi mamaki da suka ji za a tsaya a gaban taron masu ilmi a yi magana a kan karta. Mamakin kuwa yana da dalili. A ƙasarmu ta kudancin Katsina, daga Funtuwa zuwa Bakori, daga Danja zuwa Kafur da Malumfashi, idan aka ce wane ɗan karta ne, to an gama zaginsa. Ba a ba shi ajiya, ba a sa shi shaida, in kuwa ya je neman aure sai dattawa sun yi dogon bincike. Mu da muka taso a wannan yanki, muka kuma yi wasan tun muna yara, muna so mu bayyana muku inda wannan baƙin jini ya samo asali, da kuma yadda waɗansu al'ummomi suka ɗauki irin wannan wasa suka mai da shi fagen gwada basira, har da alƙalai da dokoki a rubuce.

Bari mu fara da gida. Yankinmu yankin noma ne. Auduga ce ta fara raya Funtuwa tun zamanin da jirgin ƙasa ya ratsa ta a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A shekarar 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa tare da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, har masara ta zama abin da ake cika manyan motoci da shi a kasuwanni irin na Dandume da Bakori. Ma'anar wannan ita ce kuɗi suna shigowa hannun matashi a lokaci guda, watau da kaka, daga nan kuma rani ya biyo baya da dogon zama ga wanda ba ya noman fadama. Kuɗi a aljihu da rashin aikin yi, su ne iyayen caca. Kowa a cikinmu ya san saurayin da ya yi wata biyar yana duƙe a gona, ya sayar da buhunansa ranar kasuwa, kafin asuba kuɗin sun koma aljihun wani a kan tabarmar karta. A yau ma ba sai an shimfiɗa tabarma ba, domin cacar ƙwallo ta shigo cikin wayar hannu. Addininmu ya haramta caca ƙarara a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ba mu zo nan don mu nema mata mafaka ba. Abin da muke cewa shi ne, takardar da ake wasan da ita dabam, kuɗin da ake ɗorawa a kanta dabam, kuma akwai ilmi a cikin ta farkon wanda ta biyun take binnewa.

Ita karta tsohuwar aba ce. Masana tarihi sun bi sawunta zuwa ƙasar Sin, daga can ta bi ta ƙasashen Musulmi, ta shiga Turai daga Masar ta zamanin Mamluk wajen shekarun 1370. Wadda muka fi sani a nan, watau wot, wani Bature ne mai suna William Henry Storey ya ƙago ta a Ingila, aka yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga ta. A ƙasar haihuwarta ta kusa ɓacewa, amma a Nijeriya ta sami gida, har ta zama wasan kowa, daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa tashar mota.

A shekarar 1993 aka sami wani sabon salo a Amurka. Wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Pennsylvania, ya ƙago wasan da ake kira Magic: The Gathering, kamfanin Wizards of the Coast ya buga shi. Japan ta biyo baya da kartar Pokémon a 1996, da ta Yu-Gi-Oh! a 1999. Waɗannan su ne za mu kira kartar musaya, domin ana tara su, ana saye, ana musanyawa tsakanin 'yan wasa. Bambancinsu da wot babba ne. A wot, kwali ɗaya ake cuɗawa a raba wa kowa, abin da ya faɗo hannunka shi ne rabonka. A kartar musaya kuwa, akwai dubban karta iri-iri, kowace da aikinta a rubuce a jikinta, kuma kowane ɗan wasa shi zai zauna a gida ya zaɓi waɗanda zai zo da su. Wannan zaɓaɓɓen tari shi za mu kira dami, kamar damin dawa.

A gasar Magic, dami ba ya kasa karta 60. Ba a yarda mutum ya sa fiye da 4 na karta iri ɗaya ba, in ban da wasu daga cikin waɗanda ake kira kartar ƙasa, masu ba da ƙarfin da ake jefa sauran da shi. Kowa yana farawa da rai 20 da karta 7 a hannu, wanda ya ƙarar da ran abokin karawarsa shi ya ci. Ana kuma yarda da ajiyar karta har 15 a gefe, waɗanda mutum zai iya musanyawa da na cikin dami tsakanin wasa da wasa, bayan ya ga irin shirin da abokin gaba ya zo da shi.

To, a nan ne muhawarar 'yan wasa take. Idan ka zauna cikinsu za ka ji suna gardama a kan karta ɗaya tak, a sa ta ko a cire, kamar yadda manomanmu suke gardama a kan irin da za a shuka. Kuma gardamar tasu a kan lissafi take tafiya. Alal misali, in mutum ya sa kwafi ɗaya na kartar da ya fi so a cikin dami mai 60, damar ya same ta a hannun farko ba ta kai 12 cikin 100 ba. In ya sa kwafi 4, damar ta hau zuwa kusan 40 cikin 100. In kuwa kwaɗayi ya ja shi ya cusa duk kartar da ta ba shi sha'awa har damin ya kai 80, to ko da kwafi 4 ɗin, damar ta sauko zuwa kusan 31 cikin 100. Shi ya sa gwanaye ba sa wuce 60 ko da doka ta ba su dama. Sabon shiga yakan ga kamar yawa shi ne ƙarfi, gwani kuwa ya san kowace karta da ya ƙara tana nisanta shi da wadda yake bukata. Manomin da ya cika rami da iri ya san wannan, domin ƙarshenta sai ya dawo ya yi tsuge.

Haka kuma batun kartar ƙasa. Yawancin dami mai 60 yakan ɗauki wajen 24 daga cikinsu. In sun yi kaɗan, mutum zai zauna da manyan karta a hannu ba shi da ƙarfin jefa su, kamar mai gona kadada goma ba shi da taki. In sun yi yawa, zai tara ƙarfi ba abin da zai yi da shi, kamar mai buhunan taki ba shi da iri.

Damin da ake zuwa da su gasa kusan iri uku ne. Akwai na mai gaggawa, wanda ke cike da ƙananan karta masu arha, yana so ya gama da kai kafin ka shirya. Wannan shi ne masara 'yar wuri, wadda ake ci tun damina ba ta ƙare ba, amma in aka tare ta da fari ba ta da wani abu a baya. Akwai na mai haƙuri, wanda ke kashe duk abin da ka jefa, yana jira har hannunka ya ƙare sa'an nan ya fito da babban makaminsa. Wannan ita ce dawa, mai daɗewa a gona amma mai cika rumbu. Akwai kuma na mai haɗi, wanda ke neman karta biyu ko uku waɗanda in sun gamu wasa ya ƙare nan take. Babu ɗayansu da ya fi sauran a kowane hali. Saboda haka ɗan gasa ba ya tambayar wane dami ne ya fi kyau kawai, sai ya tambayi kansa da me sauran mutane za su zo. In kowa zai zo da na gaggawa, sai ya shirya abin tare shi. Wanda ya taɓa ganin shekarar da kowa ya shuka tumatir a Danja farashi ya faɗi, ya riga ya fahimci wannan darasi.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, mu da muka shekara goma ko fiye muna buga wot, mutum nawa ne a cikinmu ya san abin da ke cikin kwalin? Karta 54 ne. Mai da'ira 12, mai kusurwa uku 12, mai gicciye 9, mai kusurwa huɗu 9, mai tauraro 7, sai wot guda 5 masu lamba 20. Babu lamba 6, babu lamba 9 a ko'ina. Lamba 1 da 2 da 5 suna cikin kowane zane, watau biyar-biyar ne. Lamba 14, wadda ke tura kowa kasuwa, guda 4 ce, domin tauraro ya tsaya a 8. Lamba 8 kuwa guda 3 ce rak: a da'ira, da kusurwa uku, da tauraro. Lamba 12 guda 2 ce.

Wanda ya riƙe wannan a ka ya daina wasa da ka. In abokin karawarka ya rage karta ɗaya, kai kuma ka jefa wot, sanin cewa tauraro 7 ne kawai, kuma ka ga 5 sun riga sun faɗi, ya isa ya nuna maka abin da za ka nema. In ka ƙirga ka ga lamba 2 guda huɗu sun wuce, ta biyar kuma tana hannunka, ka san babu mai sa ka ɗauki biyu. In kasuwa ta kusa ƙarewa za a koma ƙidaya, ka san tauraro ninki biyu ake lissafa shi, watau tauraro mai 8 nauyin 16 ne a kanka, wot kuma 20, sai ka san abin da za ka fara sauke wa kanka. Wannan duk ilmin ƙididdiga ne, irin wanda ake koya mana a aji muna hamma, ga shi a tafin hannunmu.

Amma wani zai ce, duk iya lissafinka, in rabo bai zo ba an cinye ka. Gaskiya ne, kuma a nan ne tsarin gasa yake da amfani. A ɗauka gwani yana cin abokinsa sau 60 cikin 100. In wasa ɗaya aka yi, sau 40 cikin 100 wanda bai kai shi ba ne zai tashi da nasara. In aka ce sai wanda ya ci biyu cikin uku, kamar yadda ake yi a gasar Magic, rabon gwani ya hau zuwa kusan 65. In aka kai ga cin huɗu cikin bakwai, ya kai 71. Kowane wasa da aka ƙara yana rage wa sa'a ƙarfi. Ɗan caca ba ya son wannan, shi yana son a yanke a hannu ɗaya, domin sa'ar yake saye da kuɗinsa.

Bugu da ƙari, masu kartar musaya sun ari wani tsari daga 'yan wasan catur, wanda aka fara amfani da shi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1895. Mu a nan mun saba da gasar faɗuwa ɗaya, in mutum 32 suka shiga, 16 sun koma gida bayan zagayen farko, waɗansunsu gwanaye ne da rabo ya juya wa baya. A wancan tsari kuwa ba a korar kowa. Bayan kowane zagaye, sai a haɗa wanda ya ci da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi, kuma mutum biyu ba sa gamuwa sau biyu. Mutum 32 zagaye 5 ya ishe su a fitar da wanda bai faɗi ko sau ɗaya ba. Daga nan a ɗauki 8 na sama su yi ta faɗuwa ɗaya har a sami zakara. Kowa ya buga wasa biyar, kowa ya san matsayinsa, ba kuma wanda zai ce hannu ɗaya ne ya kā da shi. An yi gasar duniya ta Magic ta farko a 1994, aka kuma fara gasar ƙwararru a birnin New York a 1996.

Akwai wani abu a tarihin wannan wasa da ya kamata ku riƙe. A dokokinsa na farko na 1993, kowane ɗan wasa yakan zare karta ɗaya daga daminsa ya ajiye a tsakiya, wanda ya ci ya kwashe. Watau da caca aka haife shi. Ba a daɗe ba masu shi suka ga cewa mutane ba sa son rasa kayansu, hukumomi kuma za su iya ɗaukar wasan a matsayin caca, sai aka kawar da wannan doka, aka haramta kartar da suka shafe ta a fagen gasa. Bayan an ɗauke abin da ake ci daga kan tebur ne wasan ya sami shiga makarantu da manyan zaurukan taro. Abin da ya yiwu a can ba abin da zai hana shi yiwuwa a Malumfashi.

Duk da haka, kada ku ɗauka mun zo tallan hajar Turawa ne. Kartar musaya tana da nata ciwon. Ana sayar da ita a ƙananan fakiti a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba, yana fata ya dace da mai tsada. Wannan ƙanwar caca ce ko da an canza mata suna, kuma yana cikin dalilan da suka sa malaman Saudiyya suka hana kartar Pokémon a 2001. Tsadar kuwa ta wuce hankali: a 2021 wani Ba'amurke mai suna Logan Paul ya mallaki kartar Pokémon guda ɗaya a kan fiye da dala miliyan 5. Wasan da mai kuɗi zai iya sayen dami mafi ƙarfi, ɗan talaka ya zo da tarkace, bai cika adalci ba. Su kansu 'yan wasan sun gane haka, shi ya sa suka fito da gasar da ba a shiga sai da karta masu arha, da wadda ake raba wa kowa karta a wurin ya haɗa daminsa nan take. Mu da ba kasafai muke ganin waɗannan karta a kasuwanninmu ba, babu abin da zai sa mu kashe kuɗin makaranta a kansu. Tsarin muke so mu ɗauka, mu bar musu kasuwar.

Daɗin daɗawa, muna da namu wasan wanda babu rabo a cikinsa ko kaɗan, watau dara. Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 kowane da gurbi 6. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Da farko ana jera su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a layi ba a lokacin. Bayan an gama jeri sai a fara tafiya, duk wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗan abokinsa guda. Dattawan da ke bugawa a gindin bishiya za su gaya muku cewa tun a wurin jeri ake cin dara, tafiya cika aiki ce. Wanda ya iya jeri yakan shirya gurbin da zai riƙa kai ɗa ɗaya yana dawowa da shi, kowane motsi da ci. Wanda bai iya ba kuwa yakan toshe wa kansa hanya, har dara ta ci gida. Ashe abin da masu haɗa dami suke taƙama da shi, cewa rabin nasara a shiri take, kakanninmu sun daɗe da saninsa. Abin baƙin ciki shi ne yawancinmu da muka zo jami'a ba mu iya ta ba, masu iyawar kuma suna ta tsufa.

Saboda haka muna kawo wa wannan ƙungiya shawarwari huɗu.

Na farko, a rubuta dokokin wot a takarda ɗaya. Rabin faɗan da ake yi a kan tabarma daga saɓanin doka yake tasowa. A wani wuri lamba 5 tana sa a ɗauki uku, a wani wuri ba ta da aiki. A nan ana tare 2 da 2, a can ba a yarda ba. Wasu suna ƙare wasa da wot, wasu sun hana. A zauna a daidaita, a liƙa a bango kafin a raba karta.

Na biyu, a shirya gasa ta zagaye biyar a kan tsarin da muka bayyana, kowace karawa wanda ya ci biyu cikin uku, da alƙali a kowane layi, da magatakarda mai rubuta sakamako. A tsayar da wasa idan lokacin salla ya yi, kuma kada a sa ta a makon jarrabawa.

Na uku, kuma shi ne ginshiƙi, kada kwabo ya hau kan tebur. Ba kuɗin shiga da za a tara a ba wanda ya ci, ba 'yan kallo masu ɗaure wa wani gindi da kuɗi a gefe. Wanda aka kama a kore shi daga gasar. Kyauta ta fito daga ƙungiya, littafi ne ko takardar yabo. Mun san malamai sun yi saɓani a kan wasannin da babu kuɗi a ciki, waɗansu sun sassauta da sharaɗin kada su shagaltar daga wajibi, waɗansu sun ƙi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da karta ba, ba a matsa masa.

Na huɗu, kowace gasar karta a haɗa ta da ta dara, kuma idan muka koma gida hutu mu nemi dattawan unguwa su koya mana, mu rubuta dokokinta da sunayen dabarunta kamar yadda suke faɗa a Maska da Kafur da Faskari, tun masu sanin suna raye.

'Yan'uwa, ƙannenmu suna can gida, da yawansu rashin tsaro ya raba su da gonakin nesa a 'yan shekarun nan, suna zaune a gari ba abin yi, mai tallan caca kuma yana bin su har cikin aljihu ta waya. Wa'azi yana da muhimmanci, amma matashi yana bukatar wurin da zai gwada kansa da tsaransa, a yabe shi in ya yi fice. In ba mu ba shi fagen da ake cin suna da basira ba, zai tafi inda ake cin kuɗi da sa'a. Mu da Allah ya ba damar karatu, mu ne ya kamata mu kai wannan tsari gida a hutun rani mai zuwa, mu fara ko da da mutum 8 ne a zaure ɗaya.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.